Katakon Mataccen Jirgi

Yammar da abin ya fara ba ta bambanta da kowace yamma ta damina a Pangani, garinmu da ke inda kogi ya haɗu da teku, ba. Ruwa ya ɗauke tun azahar, amma garin bai bushe ba. Kogi ya ja da baya ya bar laka da warinta, jirgin fito kuma yana can ƙetare yana jiran a idar da sallah. A gidan Mzee Faki, matarsa Bi Mwanaidi tana kankarar kwakwa a bakin ƙofar kicin, 'yarsu Zuhura tana durƙushe gaban murhu tana fama da gawayin da ya sha danshi. Shi maigidan yana rumfarsa ta bayan gida, inda ya tare tun da ya ajiye tuƙin jirgin fito.

Duk wanda ya san Mzee Faki ya san shi da abu biyu, taurin kai da jita. Ba kafinta ba ne, ba kuma makaɗin da za a kira biki ba. Sha'awa ce kawai ta kama shi da girma, ta ƙi sakinsa. Ya haɗa wasu a baya, duk ya rabar, wai muryarsu ta masu mura ce. Wannan ta ƙarshe ita ya ba shekarunsa. Katakonta kuwa daga wani mataccen jahazi ya ɓanɓaro shi, irin manyan jiragen katakon nan masu tafiya da iska, wanda ya kife a bakin kogi tun kafin a haife mu, haƙarƙarinsa suna bayyana duk sa'ad da ruwa ya janye. Mu nan ba ma taɓa irin wannan katako. Ba ma kai shi inda ake kwana, ba ma kuma sa shi a wutar girki, ko da gidan zai wuni da yunwa. An gaya wa Mzee Faki. Ya ce itacen da ya sha gishiri shekara da shekaru ya fi kowane itace murya, kuma shi bai ga sunan kowa a jikinsa ba.

Ya tsaga katakon falle-falle da zarto. Ya fere kowane falle har sai da ya yi sirantar da yake so, yana ƙwanƙwasa shi da yatsa yana kara kunne. Ya jiƙa gefunan, ya lanƙwasa su a jikin bututun ƙarfe mai zafi, ya haɗa komai da gam ɗin fata da yake dafawa da kansa a gwangwani. Amma duk cika bakinsa, akwai abu ɗaya da bai yi sakaci da shi ba. Ɓarɓashin da ke zuba wajen fere katakon, da garin zarto, yana share su yana tarawa a buhu bayan ƙofar rumfa, da niyyar ya mayar wa teku ranar da ya gama. Bai gaya wa kowa ba, don kada a ce Faki ya ji tsoro. Da ya buɗe baki ya faɗa wa mutanen gidansa, da ban sami labarin da zan bayar ba.

"Baba, yau ma kunnuwanmu za su huta, ko an gama?" Zuhura ta ɗaga murya daga kicin. Budurwa ce mai ɗinki a kasuwa, bakinta kuma na ubanta ne, babu ragi.

"Ke dai dafa shinkafarki. Yau za ki ji abin da ba ki taɓa ji ba."

"Haka ka ce a waccan, har kajin maƙwabta suka daina ƙwai."

"Baban Zuhura, magariba ta kawo kai," in ji Bi Mwanaidi. "Ka bar tsirkiyar nan sai gobe mana."

Bai bari ba. Ya ɗaura tsirkiya ta ƙarshe daidai lokacin da ladan ya gyara murya, ya ja babban yatsansa a kansu gaba ɗaya. Sautin da ya fito ya sa Bi Mwanaidi ta tsayar da hannunta a kan kwakwa. Mai zurfi ne, mai sanyi, mai daɗin da ke sa mutum ya tuna da mamatansa. Mzee Faki ya yi murmushi, ya jira sautin ya mutu. Bai mutu ba. Ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin ya danne, amma cikin jitar ya ci gaba da gunji a hankali, yana jin motsinsa a cinyarsa.

A daidai nan wutar Zuhura ta kama. Wani farin hayaƙi ya taso mai warin laka da gishiri, ya shige mata fuska, ta soma tari. Tana cikin tarin dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ya gangaro, ya tsaya gaban ƙafar uwarta. Bi Mwanaidi ta duƙa ta duba. Dutsen jiƙe yake, da ƙananan katantanwa manne a jikinsa, alhali daga gidansu zuwa bakin ruwa tafiya ce.

Daga ranar, magariba ta zama abin fargaba a gidan. Rana na karkata tsuntsayen da ke kan mangwaron tsakar gida sai su yi tsit, sannan duwatsu su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa. Ba sa samun kowa. Suna dai faɗuwa kusa da mutum, kusa ƙwarai, yadda zai san an gan shi. Ruwan randa ya koma gishiri, a zubar a ɗebo sabo, kafin a juya ya sake komawa. Daga rumfar bayan gida kuma ana jin muryoyin maza can ƙasa-ƙasa, suna amsa wa juna irin amshin masu jan igiyar jirgi, in an leƙa babu kowa sai jita a rataye tana lilo.

Maƙwabta suka cika dakalin ƙofar gida da shawarwari, waɗanda ko gaisuwa ba sa yi da gidan su ne suka fi zaƙewa. Mzee Faki ya kore su. Ya riƙa fitowa tsakar gida da kwando yana tsince duwatsun, yana ɗaga kai sama yana cewa, "A ƙaro manya, malam! Matakalar bayi nake son ginawa." Wallahi har dariya ya ba mu, mu da muke leƙe ta katanga, ko da yake dariyar ba ta kai ciki ba.

Zuhura ce ta kashe masa wasan. Tarin bai bar ta ba. An kai ta asibiti an duba ƙirjinta, ba a ga komai ba. Ta daina zuwa shagon ɗinki, ta daina tsokanar ubanta, wanda a gidan ya fi kowace alama tayar da hankali. Sai ta zauna a tabarma ta fuskanci bakin kogi, ko da bango ne a gabanta. In ta tashi tafiya sai ta ware ƙafafu tana tangaɗi, irin tafiyar wanda ya saba da kan ruwa. Wata safiya ubanta ya zo wucewa da kwandonsa, ta ɗago kai, ta kira shi da muryar wani tsoho mai kaushi.

"Faki. Mai rushe gidan mutane."

Kwandon ya suɓuce daga hannunsa. Ya juya ya nufi rumfa, ya janyo ƙofa, ya ɗaga buhun nan. Babu nauyi. Ya zazzage shi, ɗan garin da ya rage bai cika tafi ba.

"Maman Zuhura, wa ya taɓa buhun nan?"

"Ai da shi yarinyar nan take hura wuta tun farkon damina. Gawayin ba ya kamawa. Ba ɓarɓashin katako ba ne kawai?" Sai ta ga fuskarsa, ta dafe ƙirji. "Baban Zuhura, kada ka ce mini na jirgin ne."

Ya ajiye buhun. Ya shiga ɗaki ya sa hularsa.

Kafin ya fita, Zuhura ta kamo gefen rigarsa. Idonta nata ne a wannan karon, muryar ma tata ce, sai dai ta gaji. "Baba, yana nan a ƙirjina, ina jin sa yana juyi. In ya yi magana ina ji, ba na dai iya hana shi. Duk abin da zai nema, kada ku ba shi ni. Ko da aro ne."

"Ko da aro," in ji shi.

Mzee Faki ya haye kogi a jirgin da ya tuƙa rabin rayuwarsa, ya je wurin Maalim Sudi. Maalim tsoho ne siriri mai karantar da yara, ba ya ɗaga murya, kuma shi ne mutum na farko da ya gargaɗe shi a kan katakon, Faki ya ce masa ya tsaya ga allonsa. Da Maalim ya gan shi tsaye a ƙofa bai tuna masa da wannan ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki sandarsa, ya ce su tafi.

Sun iso bayan la'asar. Maalim ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Zuhura, uwarta ta riƙe ta ta baya. Ya ce a kawo jitar a ajiye a gabanta. Sannan ya zauna ya fara karatu, a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba. Inuwar mangwaro ta yi ta tsawo har ta hau bango. Tsuntsaye suka yi shiru. Dutse ɗaya ya faɗo dab da gwiwar Maalim, bai ko ɗaga ido ba. Da karatun ya yi nisa sai jikin yarinyar ya sandare, wuyanta ya miƙe, ta buɗe baki.

"Ya isa, Sudi. Kana ƙona ni a banza."

"Wane ne kai?"

"Matuƙa suna ce mini Na-Ƙasa, don a ƙasan jirgi nake zama. Tun ranar da aka tura jirgin nan ruwa nake cikinsa. Ya kife, mutanensa suka watse, ni na zauna. Ban taɓa kifar da kwalekwalen kowa ba, ban taɓa tsorata mai kamun kifi ba. Wannan tsohon ya zo da guduma ya cire bangon ɗakina. Na yi shiru. Ya yanka shi, ya murɗe shi a wuta, na yi shiru, don na ga yana tara ragowar. Sai 'yarsa ta dafa shinkafa da ni."

"Ba ta sani ba," in ji Mzee Faki.

"Kai ka sani."

Maalim Sudi ya juyo ya dubi Faki, ya yi magana yadda kowa zai ji. "Mzee Faki, gaskiya zan gaya maka. Da azzalumi ne, da na karanta har sai ya fita ko ya ƙone. Amma wannan yana da haƙƙi a kanku, karatu kuma ba ya cin haƙƙin kowa. Zan iya ɗaure shi, ba zan iya korar sa da bashinsa a wuyanku ba." Ya koma ga yarinyar. "Me kake nema?"

Bakin Zuhura ya yi wani murmushi da ba nata ba. "Abu kaɗan. Yarinyar ta zama kujerata. Sau ɗaya a shekara in hau ta, a kaɗa mini wannan abin da ya ƙera, a yanka mini akuya. Sauran kwanakin taku ce, ta yi ɗinkinta, ta yi aurenta. Gidaje nawa ne a garin nan suke zaune lafiya a haka?"

"Jini dai babu shi," in ji Maalim. "Ba a gabana ba."

"To a bar akuyar. Kujerar ta ishe ni."

Bi Mwanaidi tana kuka, hannayenta zagaye da 'yarta. "Baban Zuhura, gwaggona ta zauna da nata aljanin har ta yi jikoki. Yini ɗaya ne fa a shekara. Ka dube ta, ta rame, ba ta ci, ba ta sha. Mu karɓa a huta."

Ban ga laifinta ba, kuma har yau ban gani ba. Uwa ce, tana jin ƙasusuwan 'yarta a tafin hannunta. Amma kafin mijinta ya amsa, jikin yarinyar ya girgiza, kamar mutum biyu na kokawa a ƙofa ɗaya, sai siririyar muryar Zuhura ta ɓullo daga ƙarƙashin waccan.

"Mama, ko rabin yini."

Daga nan ta sake nutsewa. Mzee Faki ya matso ya tsuguna har gwiwarsa tana taɓa tabarmar, ya dubi idon 'yarsa, ya yi magana da wanda ke bayan idon.

"Ka ji ta. A gidan nan ba mu da kujerar haya. Ni na cire maka bango, ni za ka bi. Faɗi wani abin."

"To mayar mini da bangona yadda yake," in ji muryar, tana dariya har kafaɗun yarinyar suna rawa. "Katako miƙaƙƙe, ya toshe gurbinsa, kada iska ta shiga. Gobe in ruwa ya janye da yamma. In ka iya, na fita, ba ni ba gidanka. In ka kasa, kujerar tawa ce, ba kuma sau ɗaya a shekara ba."

"Na karɓa."

"Mzee Faki, ka yi tunani," in ji Maalim.

"Na gama tunani. Ka sa shi ya rantse."

Maalim Sudi ya sa Na-Ƙasa ya rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan, ya maimaita masa sharaɗin, ya sa ya amsa da bakinsa. Yarinyar ta sulale a jikin uwarta. A wannan magaribar ko dutse ɗaya bai faɗo ba, shirun kuma ya fi jifan nauyi.

Da asuba Mzee Faki ya ɗora tukunyar ruwa a wuta. Gam ɗin fata yana da hali ɗaya: abin da ya riƙe shekaru, in ya ji zafi da danshi sai ya saki. Ya kwance tsirkiyoyin ya naɗe su. Ya tura wuƙa mai zafi tsakanin fuskar jitar da gefenta, yana bi da tsumma mai tururi, a hankali, kada ko tsinke ya tsage. Fuskar ta ɗago. Bayan ya ɗago. Ya cire 'yan sandunan da ya jera a ciki ɗaya bayan ɗaya, waɗanda kowannensu ya ci masa makonni yana fere shi yana saurare. Gefunan da ya sha wuya kafin su lanƙwashe, ya sake jiƙa su, ya mayar da su kan bututu mai zafi, ya miƙar da su. Bi Mwanaidi ta kawo masa shayi da rogo, suka huce a inda ta ajiye. Ta ce ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, shi kuwa har ya bar duniya yana cewa tururi ne.

Ya jera fallayen bisa juna yadda suka fito daga jikin katakon, har da ɗan da'irar da ya yanke daga bakin jitar, wanda ya adana. Ya shafa gam, ya ɗaure da igiya, ya danne da duwatsun da aka jefe shi da su. Da la'asar ya kwance. Katako ne, miƙaƙƙe, amma ko makaho ya shafa ya san ya rame. Abin da zarto ya ci da abin da aka fere sun tafi a hayaƙi. Mzee Faki ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya shiga ɗakinsa, ya fito da wani dogon abu naɗe a tabarma, ya ɗora a amalanke tare da katakon, da zarto, da guduma, bai yi wa kowa bayani ba.

Suka gangara bakin kogi su huɗu, mu kuma muka bi daga nesa, muka tsaya inda yashi ya ƙare. Ruwa ya janye sosai. Mataccen jirgin yana kwance a gefensa cikin laka, baƙi ƙirin, rana tana faɗuwa ta tsakanin haƙarƙarinsa. Zuhura ce a gaba, ba mai riƙe da ita, tana taka lakar kamar tsakar gidansu. Da ta isa ta zauna a gindin jirgin, ta jingina, ta miƙe ƙafa irin zaman maigida.

Maalim Sudi ya kafa sandarsa a laka ya fara karatu. Mzee Faki ya ɗauki katakon ya kai shi gurbinsa. Katakon ya shiga, har ya yi sako-sako. Ta sama akwai tazarar da hannu zai wuce, ta gefe ma haka, hasken yamma yana ratsowa ta ciki ya sauka a fuskar yarinyar.

"Iska tana shiga, Faki," in ji muryar, cikin jin daɗi. "Ragowar tana ƙirjin 'yarka. Inda katakona yake, nan ne gidana."

Mzee Faki ya koma amalanke ya warware tabarmar. Wani katako ne fari, mai kauri, an goge shi sumul, tsawonsa tsawon mutum. Bi Mwanaidi na ganinsa ta ƙwalla ƙara. Mu ma daga nesa mun gane shi. Kiunza ne, katakon da muke rufe mamaci da shi a cikin kabari don kada ƙasa ta zubo masa a fuska. Dattawa da yawa a nan sukan tanadi nasu tun suna da rai, su ajiye a ƙarƙashin gado. Mzee Faki da hannunsa ya fere nasa, shekarar da ya bar aiki.

"Baban Zuhura, kana hauka ne? Wannan fa na ranarka ne!"

"Ranar ba ta zo ba. Riƙe mini nan."

Ta riƙe, tana kuka. Ya auna tazarar da yatsunsa, ya ɗora zarto. Ƙarar zarton ita kaɗai ake ji a duk bakin kogin, da muryar Maalim a ƙarƙashinta.

Dariyar ta ɗauke daga bakin yarinyar. "Wannan ba katakona ba ne."

Maalim Sudi ya tsayar da karatu. Wannan ne karo na farko da na ji ya ɗaga murya. "Naka ya ƙone, ba mai dawo da shi, kai ma ka sani. An cire maka bangon gidanka, ga shi mutum ya ciro rufin gidansa na ƙarshe ya biya ka. Haƙƙinka ya ƙare a nan. Daga yanzu duk numfashin da ka ƙara a ƙirjin yarinyar nan zalunci ne, ni kuma ka san abin da nake yi wa azzalumi."

Ruwa ya fara dawowa, yana lasar lakar can nesa.

"Faki," in ji muryar, ta yi ƙasa yanzu. "Ka san abin da ka bayar? Ƙasa za ta zubo maka a ido."

"Idona ne. Matsa in buga ƙusa."

Ya cusa guntayen a tazarar, ya daddatse su, ya ɗora ragowar kiunzan ta baya ya rufe gurbin gaba ɗaya, ya buga. Hasken da ke fuskar Zuhura ya ɗauke. Ya kara tafinsa a wurin, babu iska.

"To abu ɗaya ya rage," in ji muryar. "Ka rantse ba za ka sake ƙera irin wancan abin ba. Kukansa yana damuna."

"Ba ya cikin sharaɗi," in ji Maalim.

"Ko yana ciki ba zan rantse ba," in ji Mzee Faki, yana nuna yarinyar da guduma, ko da yake ba ita yake nunawa ba. "Jibi zan sare reshen mangwaron gidana in fara wata. In shi ma gidan kakanka ne, ka zo ka faɗa mini da rana tsaka, a jikinka, ba a jikin 'yar mutane ba. Fita."

Maalim Sudi ya ɗora hannu a kan yarinyar ya ci gaba da karatu, da ƙarfi yanzu, aya na bin aya. Jikinta ya lanƙwashe. Ta yi tari mai tsawo, irin na ranar farko, sai ga farin hayaƙi yana fita daga bakinta da hancinta, mai warin itacen da ya ƙone. Bai tashi sama ba. Ya bi jikin jirgin a kwance, ya zagaya ta inda ya karye, ya shige ciki. Wani abu ya ƙwanƙwasa sabon katakon daga ciki, kamar mai gwada ƙarfinsa, daga nan ba a sake jin komai ba. Can cikin gari ladan ya kira magariba.

Zuhura ta buɗe ido. Ta dubi lakar da ke jikin zanenta, ta dubi uwarta, ta ja numfashi har ƙasan ƙirji ta sake shi, ta kuma ja wani don ta tabbatar. Bi Mwanaidi ta rungume ta tana kiran sunan Allah. Maalim ya zare sandarsa ya ce a yi sauri, ruwa ba ya jiran kowa.

Amma yarinyar ba ta tashi ba. Idonta yana kan farin katakon da ke manne a baƙin jikin jirgin, da guntun da ya rage a laka. Ta ji duk abin da aka yi, ta kuma san ko mene ne. Ta kai hannu ta shafa shi.

"Baba, to kai wa zai rufe ka?"

Mzee Faki ya goge zarton a gefen rigarsa. Ya juya shi, ya miƙa mata ta wajen mariƙin.

"Ke. Gobe da safe ki same ni a rumfa, in nuna miki yadda ake riƙe shi, ki yi mini sabon kiunza."

Ta karɓa, ta miƙe da ƙafafunta, ta wuce gabansu zuwa tudu.